RANAR DA GURGU YA MIƘE A CIKIN TALLA

 

Ya kai mai karatu, yau ba labarin soyayya na zo maka da shi ba. Sharhi zan yi a kan wasu hotuna guda biyu da aka yi a ƙasashen waje, ɗaya tallan talabijin ne a Amurka, ɗayan kuwa kan sarki ne irin wanda ake manna wa ambulan, a ƙasar Koriya ta Kudu. Dukansu biyun abu ɗaya suka nuna wa duniya, wato mutumin da jikinsa ya shanye ya tashi daga keken guragu ya taka ƙasa da ƙafarsa. Dukansu kuma sun jingina ne da wani bincike na gaskiya da masana suka daɗe suna yi, na neman yadda za a gyara lakar gadon bayan ɗan Adam idan ta tsinke. Ni dai sana'ata ƙaga labari ce, kuma na san cewa ƙarshen labari shi mai karatu yake tafiya da shi gida. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu dubi ƙarshen da waɗannan hotuna suka yi wa labarin, mu gani ko sun yi wa marasa lafiya adalci.

Bari mu fara da tallan. Kiristofa Rib ɗan wasan kwaikwayo ne na Amurka, shi ne ya fito a matsayin Sufaman a fim ɗin 1978, wancan jarumin mai jan mayafi da yake tashi sama. A watan Mayu na 1995 ya faɗo daga kan doki a wurin wata gasa a jihar Bajiniya, ƙasusuwa biyu na farko na wuyansa suka karye, lakarsa ta samu mummunan rauni. Daga wuya zuwa ƙasa komai ya tsaya, ko numfashi ma sai da na'ura. Ka ji ikon Allah, wanda yara suka sani yana ɗaga jirgi da hannu ɗaya a fim, ga shi ƙuda ya sauka masa a fuska ba shi da ikon kore shi.

A watan Janairu na 2000, ana tsakiyar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka wanda miliyoyin mutane suke kallo, sai wani kamfanin zuba jari mai suna Nuveen ya saka tallansa. An nuna wani babban taro, wai a wata shekara mai zuwa, ana karrama masu binciken magani. Can sai ga Rib cikin kwat ya miƙe tsaye, ya tako a hankali zuwa gaban jama'a. Alhali kuwa kansa ne kawai aka ɗauka da kwamfuta aka ɗora a kan jikin wani mai lafiya. An ruwaito cewa bayan haka mutane sun yi ta buga waya ga ƙungiyoyin masu ciwon laka suna tambayar ina ne aka warkar da shi, su ma a kai nasu.

Zan faɗi gaskiya, ta fuskar iya aiki tallan ya yi kyau matuƙa, duk mai imani idan ya gani sai idonsa ya kawo ruwa. Shi kansa Rib ɗin da yardarsa aka yi, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. A ganinsa idan mutane ba su hango ranar warkewa ba, babu mai sa hannu a aljihu ya biya kuɗin bincike. Kuma ya tara kuɗin, gidauniyar da take ɗauke da sunansa ta zuba dukiya mai yawa a wannan fanni, ya je gaban majalisar ƙasarsu a kan kekensa ya yi magana. Ba zan zauna a ɗaki da lafiyata in raina wa bawan Allah nan ƙoƙarinsa ba.

Amma akwai wani mutum da ya fi ni haƙƙin yin magana, shi ne Charles Krauthammer, likita kuma marubucin jarida, wanda shi ma ya karye a wuya tun yana ɗalibin likitanci, ya ƙare rayuwarsa a kan keke. A watan Fabrairu na wannan shekarar ya rubuta a mujallar Time yana sukar tallan. Damuwarsa ita ce matasan da ciwon bai daɗe da samunsu ba, kada su jingine karatu da neman sana'a da koyon rayuwa a kan keke, su zauna jiran maganin da aka nuna musu kamar gobe zai iso. Rib ya taɓa cewa burinsa ya miƙe tsaye ranar da zai cika shekara 50, wato 2002. Ranar ta zo ta wuce yana zaune. Ya rasu a watan Oktoba na 2004 yana da shekara 52, zuciyarsa ta tsaya a lokacin da ake yi masa maganin wani gyambo irin wanda doguwar kwanciya da dogon zama suke haifarwa.

To shi tallan ma da sauƙi, tunda mafarki ne kuma an ce mafarki ne. Na kan sarkin shi ya fi muni. A Koriya ta Kudu an yi wani masani mai suna Hwang Woo-suk na jami'ar Seoul, wanda a 2004 da 2005 ya buga sakamakon bincike a mujallar Science cewa ya samar da ƙwayoyin asali daga kwafin ɗan tayin mutum, har ya ce ya yi kashi 11 waɗanda suka dace da jikin marasa lafiya daban-daban. Ƙasa ta ɗauka, aka mai da shi gwarzo. A watan Fabrairu na 2005 gidan waya ya fitar da kan sarki don girmama aikinsa, an zana inuwar mutum a kan keken guragu, ya yunƙura, ya miƙe, ya taka, ya yi tsalle, ya rungume wani. Da aka buɗe wata cibiya a Seoul a ƙarshen wannan shekarar, dubban marasa lafiya suka yi rajista. A watan Janairu na 2006 kwamitin jami'arsa ya bayyana cewa sakamakon ƙirƙirarsa aka yi, babu ko kashi ɗaya na gaskiya a cikin waɗanda ya ce ya yi. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari, a matsayina na 'ya mace, shi ne ƙwan haihuwar mata fiye da 2,000 da aka yi amfani da su a wannan aiki, har da na wasu mata biyu da suke aiki a ƙarƙashinsa. Cire ƙwan mace ba wasa ba ne, sai an yi ta yi mata allurai sannan a sa dogon ƙarfe a zuƙo. Wasu sun bayar ne da zuciya ɗaya don suna ganin gurgu zai tashi. Babu inuwarsu a jikin kan sarkin.

Yanzu mai karatu zai ce, to duka abin ƙarya ne ke nan? A'a, wallahi ba ƙarya ba ne, kuma nan ne maganata take. Ilimin yana nan, yana kuma tafiya. Sai dai idan ba ka san yadda yake tafiya ba, ba za ka gane inda hotunan nan suka cuce shi ba. Don haka ka yi haƙuri da ni in ɗan yi bayani.

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa da yawa, akwai ta jini, akwai wadda take maƙale wa mutum a haƙori idan yana cin nama. Wadda nake nufi a nan ita ce mai ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, da kuma daga gaɓoɓi zuwa ƙwaƙwalwa. An gina ta ne da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace tana da 'yan rassa kamar saiwar ciyawa, sannan da dogon zare guda ɗaya kamar wayar lantarki. A ƙwaƙwalwar mutum akwai irinsu kimanin biliyan 86. Akwai wadda zarenta yake tashi daga ƙasan gadon baya har babban yatsan ƙafa, tsawon kusan mita 1, alhali ita kanta ƙwayar ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Ita kuwa laka ita ce babbar igiyar da ta tattara waɗannan zarurruka ta bi da su ta cikin ƙashin baya, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba.

Idan jijiyar hannu ko ta ƙafa ta yanke aka ɗinke, tana iya sake tsirowa, amma da kimanin milimita 1 a rana, wato wajen inci guda a wata. Ka lissafa daga gwiwar hannu zuwa yatsa ka ga watanni nawa ke nan. Ita laka ko wannan ma ba ta yi. Wurin da ya ji ciwon sai ya yi tabo, wani lokaci ya zama rami mai ruwa, ga kuma wasu sinadarai a wurin da suke hana zaren tsirowa. Babban masanin jijiya na ƙasar Sifen, Santiago Ramon y Cajal, wanda ya ci kyautar Nobel a 1906, bayan dogon bincike sai ya tafi a kan cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka na baligi ba sa sabuntuwa, ya bar wa masanan gaba su gwada canza wannan hukunci. Aka daɗe a haka. Sai a 1981 wani masani a birnin Montreal na Kanada, Albert Aguayo, da abokin aikinsa suka ɗauko guntun jijiyar ƙafar ɓera suka dasa shi a lakarsa kamar gada, sai ga zarurrukan laka sun shiga cikinsa suna tsirowa. Ashe irin yana da rai, ƙasar da aka shuka shi ce ba ta da kyau. A kan wannan fahimta aka gina sana'ar ƙera nama da tsokar jiki a ɗakin bincike: a samo sabon iri, a kuma gyara masa ƙasa.

Irin shi ne ƙwayoyin asali, waɗanda Turawa suke kira sitem sel. Su ƙwayoyi ne da ba su riga sun zaɓi sana'a ba, kamar yaron da bai shiga koyon komai ba, yana iya zama maƙeri ko tela ko malami. A 1998 James Thomson na jami'ar Wisconsin ya yi nasarar raya irin waɗannan ƙwayoyi na mutum a cikin faranti, ya samo su ne daga ɗan tayi na 'yan kwanaki wanda ya yi saura a asibitocin dashen ciki. Nan fa rigima ta tashi, domin dole ne a lalata ɗan tayin kafin a same su. A 2001 Shugaba Bush ya taƙaita kuɗin gwamnati a wannan bincike, Rib yana cikin waɗanda suka yaƙi wannan mataki. A 2003 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka ta ce ya halatta a yi magani da ƙwayoyin idan ta halastacciyar hanya aka samo su, kamar daga baligi da izininsa ko daga mabiyiya da cibiya, ta kuma haramta zubar da ciki da gangan saboda su. Sai ga Shinya Yamanaka na Japan ya zo da abin mamaki, a 2006 a jikin ɓera, a 2007 a jikin mutum. Ya ɗauki ƙwayar fata ta baligi ya cusa mata wasu ƙwayoyin gado guda 4, sai ta manta cewa ita fata ce ta koma yarinya ɗanya shakaf. An ba shi kyautar Nobel a 2012.

Mai da wannan ɗanyar ƙwaya ta zama jijiya kuwa reno ne sosai, duk macen da ta yi goyo za ta gane. Ana ajiye su a ɗan faranti cikin wani ruwan abinci mai launin ja-ja, a cikin akwati mai ɗumin jikin mutum, digiri 37. Kusan kullum sai an canza ruwan, babu Sallah babu Lahadi, kuma ƙwayar cuta ɗaya idan ta faɗa ciki aikin makonni ya tashi a banza. Sannan a riƙa zuba wasu sinadarai ɗaya bayan ɗaya, ana kwaikwayon saƙon da ɗan tayi yake samu a cikin mahaifa, wannan ya ce kar ki zama fata, wancan ya ce ki zama ta laka ba ta gaban ƙwaƙwalwa ba. Su-Chun Zhang a Wisconsin ya nuna hanyar farko a 2001, Lorenz Studer a Niyok ya kawo wadda ta fi sauri a 2009. Bayan makonni sai ka ga ƙwayoyin sun fara miƙa zare suna laluben juna, daga baya har su fara aika wa juna saƙon lantarki. A 2013 Madeline Lancaster da Jürgen Knoblich a birnin Biyana suka bar su suka dunƙule suka zama wani ɗan curi da bai kai ƙwayar wake ba, mai kama da ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Da irin wannan curin aka gane a 2016 yadda cutar Zika take cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwar jariri a haife shi da ƙaramin kai. Subhanallahi. Wannan kaɗai ai ya isa a yi masa kan sarki.

Gyaran ƙasar kuma shi ne a yi wa jijiya danga. Duk wanda ya shuka kabewa ko duma ya san idan ba a kafa masa abin hawa ba sai ya bazu a ƙasa ya cukurkuɗe. Haka zaren jijiya. Shi ya sa ake ƙera wasu 'yan bututu da soso masu ƙananan hanyoyi, wasu daga sinadarin nan mai danƙo da yake cikin fata da ganda, wasu daga roba mai narkewa a jiki, a zuba ƙwayoyin a ciki don su miƙe su bi hanya ɗaya. A jijiyar hannu likitoci sun daɗe suna amfani da irin bututun nan idan giɓin bai wuce santimita 3 ba, idan ya wuce haka yawanci sai a yanko wata jijiyar daga ƙafar mai ciwon a yi gada da ita.

To daga faranti zuwa bayan mutum akwai tafiya mai nisa, kuma ita ce tafiyar da tallan da kan sarkin suka tsallake. Sai ƙwayoyin sun rayu a wurin da aka zuba su, da yawansu mutuwa suke yi. Sai sojojin jikin mai ciwon sun ƙyale su, don haka sai an ba shi maganin rage ƙarfin garkuwar jiki, shi ma da nasa haɗarin. Sai zaren ya ratsa tabon. Sannan uwa uba sai ya samu abokin haɗinsa na daidai. Ka ɗauka babbar wayar tarho ce ta gari guda aka datse, dubban ƙananan wayoyi a ciki, idan ka haɗa su yadda ka ga dama sai mai kiran Fagge ya ji an ɗauka a Gwale. A jikin mutum kuskuren haɗi yana iya zama zogi da ba ya jin magani. Daɗin daɗawa, idan aka bar wasu ƙwayoyin da ba su gama zama jijiya ba a cikin allurar, suna iya girma su zama ƙari, wani har da gashi da haƙori a cikinsa.

Mu duba abin da ya faru da aka gwada a jikin mutane. A 2010 kamfanin Geron a Amurka ya fara gwajin farko a masu ciwon laka, da ƙwayoyin da suke yi wa zaren jijiya rufi kamar robar jikin waya. Mutum 5 kacal aka yi wa, a watan Nuwamba na 2011 kamfanin ya tsayar da aikin saboda kuɗi. A Japan, Hideyuki Okano da abokansa na jami'ar Keio sun fara nasu a watan Disamba na 2021 da irin ƙwayoyin Yamanaka. Mutum 4 ne, waɗanda ba su wuce makonni biyu zuwa huɗu da jin ciwon ba, kowanne aka zuba masa ƙwayoyi kimanin miliyan 2. A watan Maris na 2025 suka bayyana cewa bayan shekara guda babu wanda ya samu wata babbar illa, biyu sun samu ci gaba, ɗaya daga ciki yana iya tsayuwa da kansa har ya fara koyon takawa. Alhamdu lillahi, abin murna ne. Amma su kansu masu binciken sun san mutum 4 ba su isa yanke hukunci ba, domin a cikin sababbin masu ciwon akwai waɗanda suke ɗan samun sauƙi da kansu ko ba a yi musu komai ba.

A cutar karkarwa da ake kira Fakinsan abin ya fi tafiya. A watan Afrilu na 2025 mujallar Nature ta buga sakamakon gwajin Jun Takahashi na jami'ar Kyoto, wanda aka fara tun 2018. Mutum 7 aka dasa wa ƙwayoyin a ƙwaƙwalwa aka bi su shekara biyu, ba a ga ƙari ba, ƙwayoyin sun rayu suna aiki, kuma 4 daga cikin 6 da aka auna motsinsu sun samu sauƙi. Dalilin da ya sa wannan ya riga na laka shi ne, a nan abin da ake buƙata kawai ƙwayoyin su zauna a wuri ɗaya su riƙa fitar da wani sinadari mai suna dofamin, ba sai sun ja waya mai nisa ba.

Ka ga yanzu daga 1998 zuwa 2025 shekara 27 ke nan, kuma lissafin da ake yi na mutum huɗu ne da mutum bakwai. Haka ilimi yake tafiya, kamar jijiyar kanta, milimita guda a rana. Shi kuwa hoto cikin daƙiƙa sittin ya gama komai. Tsakanin saurin hoto da nawar ilimi akwai wani fili, kuma a wannan filin ne 'yan damfara suke kafa rumfa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Asibitoci sun cika duniya masu tallan allurar sitem sel a intanet, wai tana maganin shanyewar jiki da ciwon suga da tsufa gaba ɗaya, ana karɓar dubban daloli. A 2009 likitoci a Isra'ila suka ba da rahoton wani yaro mai ciwon jijiya na gado da iyayensa suka riƙa kai shi Masko tun 2001 ana yi masa allurar ƙwayoyin jijiyar 'yan tayi. Bayan shekara huɗu da fara allurar aka samu ƙari a ƙwaƙwalwarsa da lakarsa, da aka gwada wanda aka cire sai aka ga daga ƙwayoyin da aka zuba masa ya tsiro. Iyayen nan so ne ya kai su, ba ƙiyayya ba.

Akwai kuma laifi na biyu da nake ɗora wa hotunan nan, wanda a wurina ya fi na farko. Sun yanke hukunci cewa warkewa ita ce tafiya, ba tare da sun tambayi masu ciwon ba. A 2004 wata masaniya a Amurka, Kim Anderson, ta tambayi masu ciwon laka 681 abin da suka fi so a dawo musu da shi. Waɗanda suka shanye daga wuya suka ce hannu. Waɗanda suka shanye daga ƙugu suka sa sha'anin auratayya a gaba. Riƙe fitsari da bayan gida ya zo a sahun gaba a wurin dukansu. Kai jama'a! Mu masu kallo tafiya muke so mu gani don ita ce take kyau a hoto, shi kuwa mai ciwon so yake ya kai loma bakinsa da kansa, ya yi tsarki ba sai an kama masa ba. A shekarar 2000 ɗin nan da aka yi tallan, bayan shekaru na motsa jiki da gashi, Rib ya motsa ɗan yatsansa manuni na hagu, abin da likitoci ba su zata ba. Wannan ɗan yatsan na gaskiya ne, amma ba shi aka saka a talla ba.

A nan ne zan juyo gare mu, 'yan'uwana marubuta da masu shirya fina-finai, domin wannan ƙarshen labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Sau nawa muka karanta jarumi ya yi haɗarin mota, likita ya girgiza kai ya ce ba zai ƙara tafiya ba, sai Alhaji ya ce a nemo biza? A shafi biyu an kai shi Jamus ko Indiya ko Misira, a shafi na uku ya sauko daga jirgi yana takawa, a yi ɗaurin aure, tammat. Mai karanta wannan wataƙila tana da miji ko ɗa kwance a ɗaki shekara uku. Me muka gaya mata? Mun gaya mata cewa magani yana nan, talaucinta ne ya hana. Gobe idan wani dillali ya zo mata da takardar wani asibiti, ita ce za ta sayar da gadonta da sarƙarta.

Ba ina cewa a daina rubuta waraka ba ne, Allah Mai iko ne a kan komai, kuma bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Cewa nake labarin da ya fi daɗi muna tsallake shi. Ina labarin matar da take tashi duk bayan awa biyu cikin dare ta juya mijinta don kada bayansa ya yi gyambo? Ina na dangin miji da suka yi zuwa biyu suka ɗauke ƙafa, da na ƙawar da take zuga ta ta nemi saki? Ina na saurayin da ya koyi gyaran waya a kan kekensa har ya yi aure da guminsa? Ina na yarinyar da ta yi karatu ta shiga ɗakin bincike, take zuwa ranar Sallah don ta canza wa ƙwayoyinta ruwa? Idan soyayya muke nema, ga ta nan har ta yi yawa. Ranar da yatsa ɗaya ya motsa bayan shekara biyar, marubuciyar da ta iya alƙalami za ta sa mai karatu kukan da saukowa daga jirgi ba zai taɓa sa shi ba.

Kai kuma mai jinya, ga 'yar shawara. Duk wanda ya ce maka zai yi wa naka allurar ƙwayoyin asali, ka tambaye shi wace irin ƙwaya ce, daga ina aka samo ta, mutum nawa aka yi wa, a wace mujallar likitoci aka buga sakamakon, kuma wace hukuma ce ta amince. Ka kai amsar wurin likitan da yake duba majinyacin tun farko. Gwaji na gaskiya yawanci ba ya neman ka sayar da gida, kuma ba ya yi maka alkawari. Kafin nan kada ka saki abin da yake hannu, wato juya majinyaci, tsaftar robar fitsari, zuwa gashi, abinci mai kyau, da keke mai katifa. Su ne za su riƙe shi da rai da lafiya har ranar da Allah zai kawo abin da ake jira, sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya saka wa masu jinya da alheri, ya ba masu bincike sa'a da tsoronsa, ya kuma tsare alƙalumanmu daga sayar wa mai ciwo abin da babu. Amin summa amin.

Taku har kullum.